Ɗaukar nauyin akuya a gonar madara: kyauta ce, kiwo ne, ko jari?

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, kuma duk maganar awaki ce. Na fara da wadda ta fi tsaya mini a rai.

*Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, muna zaune a Gwammaja. Wata baiwar Allah tana da 'yar gonar awakin madara a bayan gari, kan hanyar Gwarzo, awakin ba su kai talatin ba. Ta sa a Facebook cewa mutum zai iya zaɓar akuya ɗaya ya ɗauki nauyinta a kan naira dubu takwas duk wata. Zai raɗa mata suna, a riƙa turo masa hotonta, ya kai yara su gan ta, a kuma ba shi madara lita ɗaya duk mako biyu. Yarana sun ƙwallafa rai. Maigidana ya ce kuɗin shekara guda ya ishe mu sayen tamu ta kanmu. Wa ya fi gaskiya?*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Maigida ya yi lissafi daidai, sai dai lissafin wani abu dabam ya yi. Shi sayen akuya yake aunawa, ke kuma abin da aka yi miki tayi ba saye ba ne. Ko shekara biyar kika yi kina biya, akuyar nan ta mai gona ce, 'ya'yanta nata ne, madararta tata ce, ranar da ta ga damar sayarwa kuma ba ki da ta cewa. Wannan tsari daga Amurka da Ingila aka kwaikwayo shi, inda ƙananan gonaki ke neman masu tausayin dabbobi su tallafa musu da kuɗin abinci da magani, su kuma su saka musu da hoto da ziyara da ɗan cuku ko sabulun madara. Can kowa ya san kyauta yake bayarwa. Nan Kano kuwa, da zarar an ce "akuyarki", kunnenmu kiwo yake ji, domin abin da muka taso muka gani ke nan: ki sayi akuya ki kai wa 'yar'uwa a ƙauye, ta haihu ku raba. Fulani ma suna da habbanaye, a ara wa mutum dabba ta haifa masa 'ya'ya sannan ya mayar da uwar. Duk waɗannan akwai mallaka a ciki. Wannan na gonar babu. Ki fara zaunar da yara ki gaya musu haka tun kafin su shaƙu da ita.

To kyautar ta cancanta? A ganina tana iya cancanta ƙwarai, kuma ba na so kowa ya raina ta. Na tashi a gidan da mahaifiyata ke da turke a cikin birni, na san abin da baki huɗu na awaki ke ci, balle talatin. Akuyar madara ba ta kawo kuɗi kullum. Sai ta haihu ake tatsarta, cikinta kuma kwana 150 ne, wata biyar ke nan. Kamar wata biyu kafin haihuwa ana daina tatsa don jikinta ya huta, amma ci ba ya tsayawa. Ga 'yan mata masu tasowa da ba su fara ba da ko ɗigo ba, ga tsofaffi da hantsarsu ta ja baya. Da kaka harawar wake da ta gyaɗa suna da sauƙi, amma daga watan Fabrairu zuwa saukar damina sai ki ga ɗaurin harawa ya zama abin lallaɓawa, dusa da ƙowa da angurya duk sun hau. A wannan tsakanin ne ƙaramin makiyayi ke karya garkensa, ya kai uwa mai kyau 'Yan Awaki ta Unguwa Uku ya sayar don ya ciyar da sauran. Wanda ya tsaya masa a watannin nan ya yi abin kirki. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa akwai lada a kan kyautata wa duk mai rai.

Amma kada ki tura ko kwabo sai kin taka da ƙafarki. Gani ya kori ji, hoto kuwa kowa na iya ɗauka a gonar wani. Ki je da sassafe lokacin tatsa, ba da yamma da aka share wuri don baƙi ba. Abin da za ki fara dubawa shi ne kwanon ruwa, domin akuya mai shayarwa tana shan ruwa da yawa, kuma wanda ya yi sakaci da ruwa zai yi sakaci da komai. Ki dubi ƙasan turken, a bushe yake ko fitsari ya kwanta. Ki dubi kashinsu: na lafiyayya ƙwaya-ƙwaya ne, ba gudawa manne a wutsiya ba. Ki dubi hanci ko akwai majina, kofato ko an yanke, kunne da ƙarƙashin wutsiya ko kaska ta taru. Ki kuma duba ko leda na yawo a wurin. Mu a garin nan leda ta kashe awaki ba adadi. Akuya ta haɗiye ta, ta cunkushe a tumbi, tana ci tana ramewa, sai an yanka a ga abin da ke ciki.

Sannan ki nemi ganin littafin rigakafi. Cutar da ta fi share garken awaki a ƙasar nan ita ce PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, kuma tana da allura, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin ta. Mai gonar da ta san aikinta za ta faɗa miki ranar da aka yi wa garken, da lokacin da take ba da maganin tsutsar ciki, da sunan likitan dabbobin da take kira. In kin ga tana kame-kame a wannan, ki yi mata fatan alheri ki kama hanya.

Ki tambayi irin akuyar ma. Jar akuyar Sakkwato, wadda 'yan Nijar ke kira ta Maraɗi, ta yi suna ne a kan fatarta, wadda fatake suka riƙa ketara Sahara da ita daga Kano har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Tana da juriya, tana yawan haifar tagwaye, amma madararta kaɗan ce, galibi wajen rabin lita a rana. Farar Saanen ta ƙasar Suwizalan kan ba da lita biyu zuwa uku, sai dai 'yar ƙasar sanyi ce, zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40 yana wahalar da ita in babu inuwa mai kyau. Shi ya sa masu hankali ke barbarar ta da ta gida. Idan farare kika tarar a ƙarƙashin kwano ba rufi, ba bishiya, kuɗinki ba zai hana su shan wuya ba.

Akwai tambayoyi uku da mutane ke jin nauyin yi, ni kuwa ina so ki yi su. Mutum nawa ke biya wa wannan akuyar? Ba laifi ba ne a haɗa mutum uku a kan ɗaya, laifin a ɓoye ne. In ta mutu ko an sayar da ita, za a sanar da ke, kuma ina sauran kuɗinki zai tafi? Sai ta ukun: 'ya'yanta maza fa? Gonar madara ba ta riƙe bunsuraye da yawa, sayar da su ake yi, a ƙarshe kuma wuƙa ce. Wannan halal ne kuma da shi gonar ke rayuwa, amma gara yaranki su ji daga bakinki da su zo ranar Asabar su tarar da turke babu ɗan da suka yi wasa da shi.

Duk abin da kuka yi magana a kai, a rubuta, ko da a saƙon waya ne. Kada ki biya shekara guda a dunƙule. Ki fara da wata uku, in so samu ne daga Maris zuwa Mayu lokacin da buƙatar ta fi tsanani, ki ga ko alkawarin hoto da madara da ziyara yana cika. Game da shawarar maigida kuwa, ki tambaye shi a hankali: a gidan Gwammaja ina za a ɗaure ta, wa zai yi mata yankan ciyawa ranar da kike aikin dare, kuma maƙwabta za su jure kukanta? In akwai amsa, sayen ya fi muku riba nesa ba kusa ba. In babu, kuma dubu takwas ba za ta taɓa cefane ko kuɗin makaranta ba, ki ɗauki nauyin da zuciya ɗaya.

*Ni malamin firamare ne a Hotoro. Wani kamfani ya turo mini talla ta WhatsApp: in ɗauki nauyin awaki biyar a gonarsu a kan naira dubu ɗari uku, bayan wata uku su dawo mini da kuɗina da ribar kashi talatin cikin ɗari, ko da awakin sun mutu. Sun nuna mini takardar rajistar CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni rajista. Kuɗin adashina ne. In shiga?*

Malam, don Allah kada ka shiga. Sun ari kalmar "ɗaukar nauyi" ne don ta yi daɗin ji, amma abin da suke nema jari ne, kuma lissafinsa bai tsaya da ƙafafunsa ba. Ka riƙe kwana 150 ɗin nan da na ambata a sama. Akuyar da aka barbara yau, bayan wata uku ko haihuwa ba ta yi ba. In ta haihu, sai ɗan ya sha nono, an yaye shi, ya yi jiki na wasu watanni kafin dillali ya kalle shi. Makiyayin da komai ya tafi masa daidai yana samun haihuwa uku ne a shekara biyu. To daga ina ribar wata uku za ta fito? Galibi daga aljihun wanda ya shigo bayanka take fitowa, kuma mun ga ƙarshen irin wannan a watan Disamba na 2016 lokacin da MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta rufe asusun mutane.

Takardar CAC tana nuna an yi wa suna rajista ne kawai, ba ta nuna akwai ko akuya ɗaya ba. Mai tara kuɗin jama'a da sunan zuba jari, hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari ce ke ba shi izini, kuma tun 2021 ta fitar da ƙa'idojin tara jari ta intanet. Ka nemi shaidar wannan, ka kuma bincika da kanka a wurin hukumar, kada ka dogara da hoton da suka turo.

Ta fuskar addini ma akwai magana. A ƙiradi, wato mai kuɗi ya ba mai aiki jari, riba kaso ce daga abin da aka samu, asara kuma tana kan mai kuɗi in ba sakaci aka yi ba. Da zarar an lamunce maka uwar kuɗi da ƙayyadadden ƙari ko an ci ko an faɗi, ya tashi daga kasuwanci ya koma bashi mai jawo amfani. Ka kai wa malaminka takardar ya duba maka.

In kiwo kake sha'awa, hanyar iyayenmu tana nan. Ka je kasuwar Wudil ranar Juma'a ko Dambatta ranar Lahadi tare da wanda ya san dabba, ya buɗe baki ya duba haƙori, ya taɓa hantsa, ka sayi uwa biyu, ka yi musu allura, ka ba amintacce a gaban shaidu. Malamai sun yi saɓani a kan biyan mai kiwo da rabon 'ya'ya, don haka ka tambayi yadda za ku tsara ladansa tun farko. Sauran kuɗin adashin ka adana, domin harawar bazara da kuɗin magani suna nan tafe.

*Surukata ta ce madarar akuya ta fi ta gwangwani, in ɗauki nauyin akuya don jaririna ɗan wata huɗu ya riƙa samun sabuwar tatsa. Daga Kurna.*

'Yata, ki gaishe da Hajiya, niyyarta mai kyau ce, amma a wannan kada a yi. Ɗan wata huɗu nonon uwa zalla yake buƙata har ya cika wata shida, in kuma akwai larura, ma'aikatan asibiti ne za su zaɓa miki madarar jarirai. Madarar akuya ta yi wa ƙodarsa nauyi, kuma tana da ƙarancin sinadarin folet, rashinsa yana jawo ƙarancin jini. Sai ya shekara ake fara ba shi ita a matsayin abin sha. Yaron da madarar shanu ke tayar wa da ƙuraje ko gudawa, sau da yawa ta akuya ma haka take yi masa.

Ke da Hajiya da manyan yara kuna iya sha, da sharaɗin a tafasa. Ɗanyar madara tana ɗauke da cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa dabba ɓari, mutum kuma ta sa masa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, har a yi ta shan maganin maleriya a banza. In a roba aka kawo miki da tambarin gona, ki duba lambar NAFDAC da ranar da aka ɗura. In a galan ce daga turke, ki ɗora ta a wuta da isowarta, ta tafaso, ki sauke ki rufe, abin da ba za a sha a ranar ba ki sa a firji ko ki yi kindirmo da shi.