Kafin ka taho Buenos Aires koyon tsara kiɗan tango

Ƙanena, saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko ka sayar da kayan situdiyonka ka taho Ajantina domin koyon tsara kiɗan tango irin wanda makaɗa uku ko huɗu ke yi da gogen Turawa da piyano. Kada ka sayar da komai tukuna.

Kunnenmu ya saba da cewa ganga ce ke riƙe kiɗa, alhali a tango na gargajiya babu ganga. Hannun hagu na mai piyano da babban goge su ne ke ɗauke da bugun, kuma sukan jawo sautin tun kafin lokacinsa har ya faɗo da nauyi, abin da ake kira arrastre. Mai ƙaramin goge kuma yakan karci tsirkiya a bayan jakin gogen don ya fitar da kukan gyare. Tunda kai ba ka sa bandoniyon (kayan kiɗan tango mai zugazugi da ake ja ana matsawa da hannu biyu) a tsarinka ba, numfashin da yake bai wa kiɗan sai ka nemo shi daga waɗannan goge. Yawancin wannan ba a rubuta shi a takarda, a wurin makaɗa ake ɗaukarsa. Wani malami ya taɓa mayar mini da aikin da na yi watanni ina yi, bai ko kai shafin ƙarshe ba, ya ce ya cika tsabta; har yau abin yana ci mini rai, ko da yake yanzu ƴan ƙasar da kansu suke neman rubutuna.

Na ga ka dogara da Astor Piazzolla, shahararren mai tsara kiɗan tango, kamar kowane baƙo. Ka sani a 1939 ya fara kaɗa bandoniyon a ƙungiyar tango ta Aníbal Troilo, ya yi karatu wurin mai tsara kiɗa Alberto Ginastera, sannan ya tafi Paris wurin malamar kiɗa Nadia Boulanger a 1954. Wanda ya kwaikwayi bugunsa na uku-uku-biyu ba tare da wannan tushe ba, nan take ake gane shi.

Makarantu akwai, kamar ta kiɗan jama'a da ke Avellaneda, kusa da Buenos Aires, da ƙungiyar horarwa ta Emilio Balcarce, sai dai da Sifaniyanci ake koyarwa, kuma ita ta biyun sai ka riga ka iya kiɗa za ka ci jarrabawarta. Tsara kiɗa ba ya biyan kuɗin haya. A 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin ɗari, ni kuwa koyarwa ce ta riƙe ni. Fara Sifaniyanci a gida, ka rubuta ɗan gajeren kiɗa na piyano da goge biyu ka aiko mini, sannan mu yi maganar biza.