Abin da ake ragewa a gini, da abin da ba a taɓawa

Ɗana, jiya da muna wanke kayan aiki ka tambaye ni: tunda mai gidan nan ya ce kuɗinsa ba za su kai ba, me zai hana mu ƙara yashi a kwaɓi, mu rage siminti, aiki ya tafi? Ban ba ka amsa a gaban leburori ba. Ga ta yanzu, amma sai ka bi ni zuwa Amurka.

Akwai wani Bayahude mai suna Eli Broad, an haife shi a birnin New York a 1933. Iyayensa baƙi ne daga Lithuania, uban mai fenti, uwar tela. A Detroit ya girma, ya karanta aikin akanta a Jami'ar Jihar Michigan, ya gama a 1954. Ka lura, ba birkila ba ne. Littattafan lissafin magina yake dubawa, cikinsu har da na Donald Kaufman, wani magini da ke auren wata 'yar'uwar matar Broad. Cikin waɗannan littattafai ya ga inda kuɗin gini ke zurarewa. A 1957 su biyun suka kafa kamfanin Kaufman and Broad, da rancen da Broad ya karɓo daga surukansa.

A wancan lokaci al'adar Detroit ita ce a haƙa wa gida ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Dalilinsa sanyi ne: can ake ajiye kwal da murhun da ke ɗumama gida. To amma gas ya riga ya shigo, kwal ya fara zama tarihi, magina kuma suna ta haƙa ramin saboda haka suka tarar ana yi. Broad ya tambayi abin da ba a tambaya: ramin nan, amfanin me yake yi yanzu? Sai suka daina haƙa shi, suka zuba kankare a ƙasa suka ɗora gida. Garejin mota ma suka mayar da shi rumfa. Farashin gida ya sauko ƙasa da dala 14,000, yadda abin da ma'aikaci zai riƙa biya duk wata bai kai hayar gida mai ɗaki biyu ba. Cikin shekara 2 sun gina gidaje kusan 600 a gefen Detroit.

Wannan wurin nake so ka riƙe da kyau. Mutumin ya rage kuɗi, ƙwarai kuwa, amma abin da ya cire mai saye yana ganinsa da idonsa. Ya zo, ya duba, ya ga babu ɗakin ƙasa, ya ce na yarda. Simintin da kake so mu rage fa, wa zai gani? Filasta za ta rufe shi, fenti ya rufe filasta, sai damina ta uku bango ya fara magana, lokacin mun daɗe da karɓar kuɗinmu, 'ya'yan mutum na kwance a ƙarƙashinsa. Na taɓa aiki da wani ɗan kwangila da ya rage rodi a dakin, wato rufin kankare, don ya ci riba. Ranar da aka cire katakon tallafi na ga tsagewar da idona, kuma har yau in na wuce layin nan ba na iya ɗaga kai.

Sauran labarinsa ya yi nisa da aikinmu. Kamfanin ya faɗaɗa zuwa Arizona, sannan Los Angeles a 1963, shi ne ake kira KB Home yanzu. A 1971 suka sayi wani kamfanin inshora, Sun Life, domin Broad ya san kasuwar gini tana hawa tana sauka. Sun Life ɗin ne ya zama SunAmerica, wanda kamfanin inshora na AIG ya saya kan dala biliyan 18 a ƙarshen shekarun 1990.

Dukiyar bai rufe ta a ɗaki ba. Shi da matarsa Edythe sun ba da kuɗin kafa Broad Institute a 2004, cibiyar binciken ƙwayoyin halitta da cututtuka tare da jami'o'in Harvard da MIT. A 2010 suka yi alkawarin bayar da kashi 75 cikin 100 na dukiyarsu. A 2015 suka buɗe gidan adana zane-zane a Los Angeles, shiga kyauta. Ya sha suka, musamman kan kuɗin da ya zuba a harkar makarantu, ana cewa in ya bayar sai ya sa baki a yadda za a yi. Ni wannan halin bai ba ni mamaki ba, akanta ne, yana bin kowane kwabo ya ga inda ya sauka. Ya rasu a 2021 yana da shekara 87.

Gobe da safe ka zo da biro da takarda, za mu zauna da mai gidan. Tayil zai iya jira, a yi daɓen siminti. Silin mai ado zai iya jira. Ɗaki na huɗu mu fitar da harsashinsa mu bar shi sai ya samu hali. Katangar ma a tsaya a rabi. Kai za ka yi lissafin abin da kowanne zai rage, ka karanta masa da bakinka. Kwaɓin bulo da rodin ginshiƙi kuwa suna nan yadda injiniya ya rubuta.