Lemuna na zubar da ƙaro, ganyensa na rawaya

Tambaya: Malam, ina da bishiyar lemun zaƙi mai aure a bayan gidana a Barnawa, shekararta 6. Tun watan Agusta ɓawon gindinta ya tsattsage, wani abu kamar ƙaro yana tsattsafowa, ganyen ɓangare guda ya yi rawaya yana zuba. Sau biyu ina zuba takin NPK, babu canji. Maƙwabciyata ta ce gara ce. In sa a sare ta?

Amsa: Hajiya, a ajiye gatari tukuna, takin ma a dakata da shi. Ciwon yana gindi, ganyen shaida kawai yake bayarwa. Abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. In ɓawo ya mutu a gefe guda, saiwar wannan gefen sai ta ji yunwa, rassan da ke kanta su biyo baya. Shi ya sa takin bai yi miki komai ba.

Abin da kika kwatanta ya fi kama da ruɓar gindi, wadda wata ƙwayar cuta mai suna Phytophthora ke haddasawa. A jiƙaƙƙiyar ƙasa take zaune, kuma Agusta da Satumba a Kaduna lokacinta ne. Lemun zaƙi ba ya jure mata, dalilin da ake aura shi ke nan a kan gindin da ya fi shi ƙwari. Sai dai mu kan rushe wannan dabara da hannunmu: a tara ƙasa har ta binne wurin auren, a yi wa gindin rami ruwa ya kwanta, kullum kuma a watsa ruwan wanke-wanke a nan. Abin yana damuna, domin yawanci ƙaunar bishiyar ce ke sa a yi hakan.

Ki ɗauki wuƙa mai tsabta ki ɗan kankare gefen wurin da ke ƙaro. Lafiyayyen ɓawo cikinsa kore-kore ne mai danshi, mai ciwo kuwa ruwan ƙasa ne, ya yi duhu. Ki zagaya gindin ki auna. In ciwon bai kai rabin zagaye ba, akwai rabo.

A feƙe ɓawon da ya ruɓe har a ɗan shiga lafiyayye, kamar santimita 2, ba tare da an sassaƙi icen ciki ba. A dama maganin feshi mai sinadarin jan ƙarfe (copper), wanda masu kayan noma ke sayarwa, ya yi kauri kamar kunu, a shafe wurin, a bar shi iska na bugunsa. Kada a ɗaure da leda ko a liƙe da laka. A janye ƙasar da aka tara har wurin auren ya fito sarari, aƙalla tsawon tafin ƙafa guda daga ƙasa. Ban-ruwa ya koma daidai inda inuwar rassa ta ƙare, a can ƙananan saiwoyi suke sha.

Garar da maƙwabciyarki ta faɗa kan zo ne bayan ɓawo ya mutu, kuma za ki ga hanyoyinta na ƙasa a jikin icen. Ki duba har ila yau ko an taɓa ɗaure ragon layya a nan, don igiya ko waya kan ci ɓawo a zagaye.

In hunturu ya shigo ƙaron zai bushe, ki ɗauka ta warke. Kada ki saki jiki: ki sake shafa maganin a watan Afrilu, kafin ruwa ya zauna. In kuwa ciwon ya riga ya zagaye gindin, sai haƙuri, a cire ta, sabuwar kuma a dasa ta a kan ɗan tudu, nesa da wannan ramin.