Amsa kan shiga La Paz ta mota daga Arica

Ɗan'uwa, ka tambayi ko za ka iya hawa bas daga Arica a ƙasar Chile kai tsaye zuwa La Paz a ƙasar Bolivia, da abin da ya kamata ka tanada. Ana yi kullum, amma ka san abin da za ka tarar. Arica a bakin teku take. Cikin 'yan sa'o'i motar za ta haura da kai iyakar Chile da Bolivia a Chungará da Tambo Quemado, wajen mita 4,600 sama da teku, ta ratsa El Alto da ke sama da mita 4,000, sannan ta gangara tsakiyar La Paz, kusan mita 3,600. Jos ɗinmu da ake jin sanyinta ba ta wuce mita 1,300 ba. A La Paz kowane numfashi bai kai kashi biyu cikin uku na iskar oksijin da ka saba shaƙa a bakin teku ba, jiki kuwa sai ya yi kwanaki kafin ya saba. Saurin hawan shi ke kayar da mutane, har da majiya ƙarfi.

Kafin komai ka san rukunin jininka ta fuskar sikila, wato jinotayif. Mai SS ko SC kada ya kama wannan hanya sai da amincewar likitansa. Mai AS ma bai tsira ba: a irin wannan tsayi saifa takan toshe, a ji ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. In ka ji haka, asibiti nan take, kuma ka faɗa musu kana ɗauke da sikila, don ba lallai tunaninsu ya je can ba.

In bizarka ta ba ka damar shiga Peru, ka bi ta Tacna zuwa Arequipa, mita 2,300, ka kwana biyu ko uku sannan ka ƙarasa. Masu cewa a kwana a Putre, wani gari a kan hanyar Arica zuwa iyaka, ba su rage maka komai a daren farko ba, ita ma ta kai mita 3,500. In dole sai kai tsaye, nemi likita ya rubuta maka acetazolamide, wato Diamox, miligiram 125 safe da yamma, ka fara ana gobe tafiya, ka ci gaba har kwana biyu bayan isa. Yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu, lemon kwalba ma ya canza ɗanɗano. Wannan ba komai. Wanda magungunan sulfa ke yi wa illa ya sanar da likitan tukuna.

A mota ka riƙe ruwa lita biyu, abinci mara maiƙo, rigar sanyi mai kauri da hular sanyi a hannu, ba cikin jakar da ke but ba. A iyaka za a sauke ku a bi layi da kaya. Yi tafiya a hankali, a tsugune kada ka miƙe zumbur.

Masauki, nemi Zona Sur, wato kudancin La Paz, wajen unguwar Calacoto, mita 3,300 ko ƙasa da haka. Wannan ɗan bambanci yana taimakon barci sosai. Kada ka kwana a El Alto. Rana ta farko hutu ne kawai, ba hawan tudu, ba maganin barci, kuma ba ranar azumin nafila ba ce. Ciwon kai, tashin zuciya da rashin barci sukan zo cikin sa'o'i 6 zuwa 12, su lafa a kwana biyu da farasitamol da ruwa. Amma haki kana zaune, tari mai kumfa, tangaɗi ko ruɗewa alamar ruwa ne a huhu ko kumburin ƙwaƙwalwa. Wannan oksijin yake so da sauka ƙasa, ko da tsakar dare ne.

Za a miƙa maka shayin ganyen koka ko'ina, can doka ta yarda da shi. Yakan fito a gwajin ƙwaya, kuma ko ganye ɗaya kada ya biyo ka cikin jaka zuwa filin jirgi.