Amsa ga malamar da ɗalibanta suka haddace ma'ana amma ba sa ganin hoton

Malama, tun da safe na ga tambayarki, ban iya amsawa ba sai yanzu, don ta fama mini tsohon miki. Kin ce ɗalibanki na babbar sakandare sun haddace ma'anar hoto cikin bayani, wato zayyana abu da kalmomi har mai karatu ya ji kamar yana wurin, da ta yanayin labari, wato abin da labarin ke sa mai karatu ya ji a ransa, suna zubo su babu gargada, amma da kin ajiye musu gajeren labari na Turanci kin ce su nuna miki, sai kallon-kallo. Kowane labari kika kawo amsarsu ba ta wuce biyu, ko baƙin ciki ko farin ciki. Kina neman shawara ko ki ba su jerin kalmomi su haddace, da kuma labaran da suka fi dacewa. Ƙanwata, wallahi kamar ni na zauna na rubuta.

A shekarata ta uku da fara koyarwa abin ya same ni. Mako biyu cur na yi a kan wannan darasi. Allo cike da ma'anoni, na jera gani da ji da shinshina da ɗanɗano da taɓawa, kowanne da misalinsa, yara sun kwafe tsaf. Labarin da muke kai shi ne The Story of an Hour na Kate Chopin, wanda ya fito a 1894, ɗan gajere ne, bai wuce kalma dubu da 'yan kai ba. Matar da aka gaya wa mijinta ya mutu a hatsarin jirgin ƙasa, ta shige ɗaki ta zauna gaban taga a buɗe. Ranar shugabar sashenmu ta shigo duba aiki, ta zauna a baya da takardarta. Ina cikin bayani ta miƙe, ba ta ko nemi izinina ba, ta tambayi ajin wane yanayi suka ji a wurin tagar nan. Yara arba'in da shida suka haɗa baki suka ce baƙin ciki. Ta ce me ya nuna muku. Wani yaro ya ce ai mijinta ya mutu. Ta ce a cikin sakin layin fa, wace kalma? Ajin ya yi tsit. Alhali abin da matar ke gani ta taga ganyen itatuwa ne sabo, ga ƙamshin ruwan sama, ga tsuntsaye na kuka, ga shuɗin sama yana leƙowa ta tsakanin gajimare. Ko ɗaya babu wanda ya gani, kuma mako biyu muna tare.

Sai ta tako har gaban allo, ta zare allin daga hannuna. Har yau ina jin yadda yatsunta suka goge nawa. Ta juya ta ce wa yarana, ba ni ta gaya wa ba, su ta gaya wa, wai wanda bai fahimci abu ba ba zai iya koyar da shi ba. Ina tsaye a gefe kamar wadda aka dasa. To da ta koyar ma da sauƙi, da na ɗauki littafi na zauna cikin ɗalibai na koya. Kalmomi shida ta rubuta a allo, ta ce su kwafa, ta ajiye allin a kan teburi maimakon hannuna, ta fita. Da aka tashi tara ta maimaita maganar a ɗakin malamai, ina shigowa aka yi shiru. Rahoton da ta rubuta ya bi ni shekara biyu a fayil. Ba ta sake leƙowa ajin ba, ba ta taɓa kirana ta ce zo ga yadda ake yi ba. Bayan shekaru mun haɗu a wani taro ta rungume ni tana fara'a, na gane ta manta sarai. Ni kuwa na san kalar mayafin da ta saka ranar.

Amma duk wannan bai kai abin da ya biyo baya ciwo ba. Wata yarinya mai zama a layin gaba, shiru-shiru, ta same ni bayan an tashi ina haɗa takardu hannuna na rawa. Ta ce, "Malama ki yi haƙuri, ba laifinki ba ne, mu ne ba mu da kan adabi." Yarinya 'yar shekara sha biyar ta yanke wa kanta hukunci saboda abin da manya biyu suka kasa. A nan hawayen da na riƙe tun safe ya zubo. Shi ya sa da na ga kin rubuta wai ko dai ke ce ba ki iya ba, raina ya ɓaci. Kar ki sake faɗin haka, kuma kar ki bari yaranki su faɗa a kan kansu.

Abin da ya buɗe mini ido ba daga littafin koyarwa ya zo ba. Wajen wata guda bayan nan na shigo aji da wuri, na tarar an kewaye wani yaro yana ba su labarin daren da ya kwana jinyar mahaifiyarsa a asibiti. Da Hausa yake yi, bai san ina saurare ba. Ya ce barandar ta yi tsit, can ƙarshe duhu dunɗum, fitila ɗaya tana kawowa tana ɗaukewa, ba ka jin komai sai ɗigar ruwan da aka ɗaura mata, ɗis, ɗis. Na ga wata ta rungume jakarta. Na ce ya tsaya nan. Na tambaye su me suka ji, suka ce tsigar jikinsu ta tashi. Na ce ya faɗa muku yana jin tsoro? Suka ce a'a. Na ce to me ya tayar muku da tsigar jiki? Suka fara lissafowa da kansu, fitilar, ɗigar ruwan, shirun. Na rubuta su a gefe ɗaya na allo, na rubuta fargaba a ɗaya gefen, na ja kibiya a tsakani. Darasin da na kasa a mako biyu ya shiga cikin minti goma. Yaron da harshensa ke da tsit da dunɗum da fayau da wulik ya san zayyana tun kafin ya shigo ajinki. Turancin ne ya tsaya masa a gaba, sai kuma ma'anonin da muka tula masa a kai.

Don haka jerin kalmomin nan, ki ba su, amma ba da farko ba. Idan kika fara da shi za su riƙa tsinto kalma kamar masu canki-canka, su manna wa labari. Ni sai sun nuna mini abu uku da yatsa a cikin shafi nake barin su faɗi sunan yanayi. Kuma na haramta kalmomin nan biyu na baƙin ciki da farin ciki har ƙarshen zango. Da farko sun yi ta ƙorafi. Daga baya yaro zai ce, Malama, kamar lokacin da kake jiran a kira sunanka ka san ka yi laifi, mene ne sunansa da Turanci? A wannan lokacin kalma take zama, don shi ya nema.

Ki karanta musu da bakinki. Wannan kam ina roƙonki. Ki sa su rufe littafi, ki karanta sakin layi ɗaya a hankali, su rubuta abin da suka gani da abin da kunnensu ya ji kawai. The Tell-Tale Heart na Edgar Allan Poe, na 1843, ban taɓa karanta shi a aji ya faɗi ƙasa ba. Idon tsohon nan mai yana, zaren hasken fitila siriri kamar na gizo-gizo da ya sauka a kan idon, bugun zuciya kamar agogon da aka naɗe cikin auduga. Yara na kama waɗannan nan take. Poe ɗin ma tun a 1842, a sharhin da ya yi wa labaran Nathaniel Hawthorne, ya kafe cewa gajeren labari a zama ɗaya ake karanta shi, kuma marubuci ya fara zaɓar tasiri guda da yake so ya bari a zuciyar mai karatu, sannan kowace kalma ta yi wa wannan tasiri aiki tun daga jimlar farko. Nakan gaya wa yara wannan da sauƙin harshe, sai in ce to ku nemo mini kalmar da ba ta aikin komai a shafin nan. Suna neman su kayar da marubucin, ba su san karatun ƙwaƙƙwafi suke yi ba.

Af, kafin in manta, muryarki. Shekarar nan da nake ba ki labari sai da muryata ta dishe har na yi kwana huɗu ina koyarwa da rubutu, saboda ina ganin idan na ƙara ɗaga murya za su gane. Ki sha ruwa, ki daina kai littattafai arba'in gida kowane dare. Ki sa su musanya, kowa ya ja layi ƙarƙashin abin da ya gani a rubutun ɗan'uwansa. Babu wanda ya gaya mini wannan, kowa na ɗakin malamai ya ga halin da nake ciki ya kawar da kai, wasu ma da suka girme ni a aiki da shekara ashirin. Ban san me ake ragewa mutum da shi idan ya taimaki sabon malami ba.

Wanda ya fi yi mini aiki cikin komai shi ne sa su rubuta da kansu. Ajin da suke zaune ciki, su zayyana shi sau biyu, jimla biyar-biyar. Na farko da idon wanda ya ci jarrabawa, na biyu da idon wanda aka kira daga gida aka ce ya dawo maza. Sharaɗi ɗaya, ba a ambaton abin da ake ji a zuciya. Taga ɗaya ce, fanka ɗaya, amma za ki ga a rubutu na biyu fankar ta fara ƙara, agogon bango ya ƙi tafiya. Nakan haɗa musu da shawarar da Anton Chekhov, marubucin Rasha, ya ba yayansa a wasiƙa a 1886. Ya ce idan kana son daren farin wata, ka rubuta yadda ɓallin fasasshiyar kwalba ke ƙyalli a bakin madatsar ruwa, da baƙar inuwar kare da ta gifta. Yarinyar nan da ta ce ba su da kan adabi, ita ta rubuta cewa allin da ke hannun malami ya karye biyu babu wanda ya sunkuya ya ɗauka. Na san ranar da take nufi. Takardar tana wurina har yanzu.

Idan sun fara tsayawa da ƙafarsu sai ki kawo The Lottery na Shirley Jackson, wanda mujallar The New Yorker ta buga a 1948. Yana buɗewa da safiyar 27 ga Yuni, rana ta fito fes, furanni, ciyawa shar, yara suna tara duwatsu a aljihu. Ki tsaya a shafin farko ki tambaye su yanayi, za su ce kwanciyar hankali. Ki bar su. Idan sun kai ƙarshe sun ga abin da aka yi da duwatsun, ki mayar da su shafin farko su sake karantawa. Za ki ji ajin ya ɗauke wuta. A nan ne kawai nake taɓa bambancin yanayi da muryar mai ba da labari, don muryar ba ta girgiza ko kaɗan daga farko har ƙarshe, mai karatu ne cikinsa ke ɗurar ruwa. Kafin wannan matakin kar ki haɗa musu biyun, rikicewa za su yi, ni na gwada na gani.

Sai dai ki san yaranki kafin ki zaɓi labari. Duka ukun nan akwai mutuwa a ciki. Na taɓa karanta na Chopin a wani aji ban san wata ta rasa mahaifinta a hatsari wata biyu da suka wuce ba, ta tashi ta fita, ban yafe wa kaina wannan ba. Yanzu sai na tambayi malamin ajin tukuna. Idan akwai mai sabon rashi, ki ɗauki All Summer in a Day na Ray Bradbury, na 1954, yara 'yan shekara tara a duniyar da ruwa ke zuba shekara bakwai ba ƙaƙƙautawa, da yarinya ɗaya da ta tuna kamannin rana. Babu jini a ciki, kuma hotunan ruwa da rana sun ishe ki darasi uku.

Kin ce nan da mako biyu za a zo duba ajinki, na san shi ne abin da ya hana ki barci ko da ba ki faɗa ba. Ki bar allon nan wayam ranar, sakin layi ɗaya a hannun kowane yaro da fensir. Idan mai dubawar ya jefa tambaya ajin ya yi shiru, kar ki yi saurin cikewa, ki ce su koma shafi su sa yatsa a kan abu ɗaya da suka gani. Kuma allinki ya zauna a hannunki. Ki gaya mini minti nawa ne darasinki da yawan yaran, in turo miki yadda nake raba kwanakin.