Mu kafa Jenkins ne, ko mu sayi wata manhajar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu uku ne muke kula da shafin wani kantin sayar da kaya ta intanet a Kano. Duk gyaran da muka yi, ni nake kwafar fayiloli da hannu cikin dare zuwa saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Makon jiya aka ɗauke wuta ina tsaka da aiki, shafin ya kwana a mace. Abokin aikina ya ce mu kafa Jenkins, manhajar da ke gwada gyara ta kuma kai shi saba da kanta, ni kuma ina ganin mu biya kuɗin wata manhajar. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka riƙe kuɗinka tukuna.

Jenkins kyauta ne, tun 2011 ake cin moriyarsa, amma yana son kwamfutar da ba ta mutuwa da mai kula da shi kullum. Ku uku ne, ga halin wutarmu. Wa zai yi gadinsa?

Ni dai GitHub Actions nake ba ku shawara, wato mai irin aikin Jenkins a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye fayilolinsu. Ma'ajiyar fayilolin da ba a buɗe wa jama'a ba tana samun minti 2,000 na aiki kyauta a wata, a GitLab kuwa, wani dandali irinsa, minti 400. Aikin a kan kwamfutocinsu yake gudana, don haka da zarar gyaranka ya isa can, ko an ɗauke wuta bai shafe ka ba.

Kwafa da hannun nan ita ta fi tayar min da hankali. Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45. Ma'aikaci ne ya sa sabon gyara a sabobi bakwai, ta takwas ta tsira da tsohon. Kai ma da ƙarfe biyun dare, ido na lumshewa, fayil ɗaya zai iya kuɓuce maka.

Sai dai kada ku fara da turawa kai tsaye. Ku fara rubuta gwajin da kwamfuta za ta riƙa yi wa kowane gyara da kanta, ko da na shiga asusu da biyan kuɗi ne kawai, ta yadda in ya faɗi, aikin zai tsaya. Daga nan gyara ya sauka a sabar gwaji, ɗayanku ya duba da idonsa, sannan ya danna amincewa. Kalmomin sirri kuma a ajiye su a sashen Secrets na GitHub, inda ake ɓoye irinsu, ba cikin fayil ba.

Kuma don Allah ku ajiye tsohon zubin shafin da ke aiki, don ku koma kansa in sabon ya ba da matsala. Ku zaɓi wata safiya da ciniki bai kankama ba, ku gwada komawa kansa, ku ga minti nawa zai ɗauke ku.