Hukuncin Waɗanda Ake Kira Annabawa a Farkon Kiristanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina nazarin tarihin addinai, sai na tarar a littafin Ayyukan Manzanni, ɗaya daga cikin littattafan Baibul na Kiristoci, an ce akwai annabawa a Antakiya bayan ɗauke Annabi Isa (AS), har da wani Agabus da ya ba da labarin yunwa tun kafin ta auku. Shin wajibi ne Musulmi ya yi imani da su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Bai halatta Musulmi ya ƙudurce annabcinsu ba, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce shi ne mafi cancantar mutane ga Isa ɗan Maryama, kuma babu wani annabi a tsakaninsu. Aya ta 19 a suratul Ma'ida ta kira wannan tsakani lokacin yankewar manzanni, Salmanul Farisi kuma ya ce shekara 600 ne. Zakariyya da Yahaya ba su shiga wannan hukunci ba, tunda ba su zo bayan Isa ba, kuma Alƙur'ani ya tabbatar da su.

Ya kamata ka lura, ɗan'uwa, cewa abin da Kiristocin farko suke nufi da "annabi" ya bambanta da namu. A wurinsu mutum ne daga cikin jama'a da yake wa'azi ko gargaɗi, suna ganin Ruhu Mai Tsarki ne yake sa shi magana. Su ma ba kowa suka karɓa ba: a ƙarni na 2 Montanus ya bayyana a Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, tare da mata biyu masu da'awar annabci, shugabannin coci suka yi watsi da su. Ko Hawariyawa, waɗanda aya ta 111 a suratul Ma'ida ta ce an yi musu wahayi, malaman tafsiri sun fassara shi da ilhama, irin wadda aka yi wa mahaifiyar Annabi Musa.

Inda wasu ke samun ruɗani shi ne manzanni uku na suratu Yasin. An ruwaito daga Ƙatada cewa 'yan aiken Isa ne zuwa Antakiya, amma Ibn Kasir ya yi suka ga wannan, domin zahirin ayoyin yana nuna Allah ne ya aiko su, kuma ba a san an halaka Antakiya da tsawa ba kamar yadda surar ta ce an yi wa mutanen garin da aka aika su. Ni ma abin da na rinjayar ke nan. Ta kowace fuska dai, ko 'yan aiken Isa ne ba annabawa ba, ko manzannin Allah ne a wani gari da wani zamani daban, babu hujjar annabci tsakanin Isa da Manzon Allah (SAW) a ciki.

Labarin yunwar Agabus kuwa, wadda aka ce ta auku a mulkin Kalaudiyas, wanda ya sarauci Rum daga shekara ta 41 zuwa 54 miladiyya, yana ƙarƙashin hadisin Bukhari da ya hana gaskata Ma'abota Littafi ko ƙaryata su a abin da shari'armu ta yi shiru a kansa. Ko da ya tabbata, faɗar abu ya auku ba ta mai da mutum annabi. Karanta shi a matsayin tarihi ya halatta ga wanda ya san aƙidarsa. Wallahu a'alam.